Idon Inna Ya Yi Laushi

Da kaka aka yi wa Inna aikin ido a Sakkwato, lokacin da fadamar Gummi ke cike da masu yankan shinkafa. Hawan jinin ido ya riga ya cinye mata na hagu, likita kuma ya ce in ba a buɗe wa ruwan da ke taruwa a na dama 'yar hanya ba, shi ma zai tafi. Na baro yarana a Anka wajen uwar mijina, na zo Gummi jinya bayan an sallamo ta.

An ce kada ta duƙa, kada ta ɗauki abu mai nauyi, kada ta murza idon. Inna kuwa tun ina goye take turara shinkafa tana shanyawa, ba ta iya zama ba. Sai ta zauna a tabarma, ta miƙe, ta leƙa zaure, ta dawo ta tambaye ni ko an ba awaki ruwa. A zaune take salla, in ta sallame sai ta ce ita ba ta ji ta yi salla ba.

Wata safiya ta kira ni.

"Ke ɗiya, mi ya samu ƙofar ga? Ta karkace."

"Inna, ƙofa tana nan yadda take."

"To ni a lanƙwashe nika ganinta."

Idon yana ta tsiyayar ruwa har ya jiƙa gefen mayafinta, amma ba ya mata ciwo. Kawu, ƙanenta, da ya zo dubiya daga Bukkuyum, ya ce tun da babu ciwo a bari ranar komawa asibiti ta yi. Na kasa jira. Na ɗora tukunya na manta da ita, na fita na dawo, ina ta kallon idon. Kafin azahar mun shiga motar Sakkwato.

Likita ya ɗiga mata magani, ya auna, ya ce ƙarfin ruwan idon ya sauka ƙwarai. Na ce alhamdulillahi.

"Tukuna dai," in ji shi. "Ya sauka fiye da yadda ake so. Wurin ɗinkin ne ke yoyo, idon ya yi laushi, shi ya sa take ganin abubuwa a karkace."

Inna ta juyo wajen muryarsa. "Yaro, kun ce ya hau, kun sauke shi. Yanzu kuma ya sauka da yawa. Ina kuka son shi tsaya?"

Ya yi dariya ya ce, "Tsakiya, Inna."

Na tambaye shi ko yawan kai-kawonta ne ya jawo. Ya ce yakan faru ko da mutum ya kiyaye komai. Ya canza mata magani, ya rufe idon, ya ce mu tsaya cikin gari a ga ko zai toshe da kansa.

Wannan zaman ya fi komai wuya. Muna gidan wata 'yar uwarmu, idon da ke gani a rufe, ɗayan a mace. Inna ta riƙe bakin zanena duk inda na nufa. Ta sa in kira gida a waya, an kwashe shinkafar? An rufe ta saboda raɓa? Ina ajiyewa ta ce in sake kira, ta manta ba ta yi zancen kaji ba. Ni ma hankalina rabi yana Anka.

Yoyon bai tsaya ba, sai da aka ƙara mata ɗinki. Daga nan ganin ya fara dawowa a hankali, amma bai koma yadda yake ba. Tana gane fuskokin jikokinta, tana zuwa makwabta ba ɗan jagora. Zura zare a allura kam ta haƙura da shi.

Turarar shinkafa matar yayana ce ke yi yanzu. Inna tana zama nesa da hayaƙi, tana ta faɗan an cika wuta. Duk ranar awon ido nakan taso daga Anka in raka ta, kuma tun muna hanya take fara tambayar direba yaushe zai juyo.