Kwakwar Orville

Shekara ashirin da biyu Mas Linval ya yi yana hawan bishiyoyin kwakwa a otal ɗin da ke bakin tekun ƙauyenmu, a arewacin Jamaika. Duk wata sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya da addarsa, ya sassare 'ya'yan tun suna ƙanana, don kada wata ta ƙosa ta faɗo a kan baƙon da ya kwanta shan rana. Mu muna gudun rana, su kuwa takanas suke hawo jirgi su zo nemanta, su shimfiɗe a farin yashi har sai sun yi ja kamar ɗanyen nama.

Cikin bishiyoyin akwai wadda ta ranƙwafa kan ruwa. Hotonta ne a takardun tallan otal, a gindinta ake ɗaura auren baƙi, amarya ko takalmi babu. Linval ne ya shuka ta, tun wurin yana filin shanya ragar masunta. Da cibiyar ɗansa Orville ta faɗi, nan ya binne ta ya ɗora kwakwa a kai, kamar yadda kowa ke yi wa ɗansa. Orville ya girma, ya fita kamun kifi wata Laraba, teku ba ta dawo da ko hularsa ba. Babu gawa, babu kabari, sai bishiyar. Da aka zagaye wurin da katangar otal, Linval ya nemi aikin hawa don dai ya riƙa ganinta.

Wata Litinin manajan lambu ya kira shi, Desmond, ɗan Miss Pearl mai gasa kifi.

"Mas Linval, bishiyar nan taka, teku ta cinye ƙasar saiwarta. Masu inshora sun ce Juma'a a kwantar da ita."

"A tokare ta mana."

"Bara ma an tokare, ko ka manta?"

"To a ba ni shekara guda. Ƙwaya ɗaya tak ta ƙosa, in kai gida in shuka."

"Shekara? Baba, Asabar ɗin nan akwai biki a wurin."

"Kai Desmond! Tun kana yawo ba wando na san ka, yau don ka ɗaura igiya a wuya za ka faɗa mini Juma'a?"

Desmond ya taɓa lakatayal ɗin da ke wuyansa, ya sunkuyar da kai. "Da tawa ce da na bar maka. Ni ma aiko ni aka yi. In ba za ka iya ba, a kira masu inji."

"Ba wanda zai taɓa ta sai ni."

Kwana uku yana dube-dube, a yashi, a juji, a bayan kicin, ko wata tsohuwar ƙwayarta ta taɓa kuɓuce masa. Ina! Mutumin ya iya aikinsa, da ma da haka yake tutiya, cewa a hannunsa ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa kaiwa ƙasa da kanta ba. Wannan shi ya fi ci masa rai, don ba shi da wanda zai ɗora wa laifi.

Ran Juma'a da hantsi ya hau, ya tsinko mafi girma cikin 'yan ƙananan, wadda ba ta fi dunƙulen hannu biyu ba. Ya sauko ya fara sara. Baƙi suka taru da wayoyinsu, wata ma ta ce ya ɗan juyo ya yi murmushi. Da bishiyar ta faɗa ruwa suka tafa masa.

Matarsa, Miss Icilda, tana bakin ƙofa tana ɓare ɗanyar ayaba lokacin da ya iso.

"Ka zo da ita?"

Ya miƙa mata. Ta kara a kunne ta girgiza, shiru. A cikin gonakin kwakwa ta tashi, ta fi shi sanin ɗanya ba ta tsiro.

"Wannan ai jaririya ce, Linval."

"Ita ce babbarsu."

Ta goge hannu a zane, ta ɗauki fartanya ta zaga bayan ɗaki, ta haƙa rami ta binne ta. Yau wata na bakwai ke nan kullum da safe sai ta kai mata ruwa a tsohon gwangwani. Linval ya san ta daɗe da ruɓewa a ƙasa. Yakan tsaya da addarsa a hannu zai fita aiki, ya buɗe baki zai ce mata ta daina, sai ya ji ya ce, "Ƙara mata kaɗan, Icy, yau za a yi rana."