Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar 'yata ta fari, amma har yau da an fara cirar gyaɗa a ƙauyenmu na gefen Bici sai ta faɗo min a rai, don a lokacin ne ta kwanta ciwo.

Shekararta tara lokacin. Ciwon ciki ya murɗe ta, ga amai, tana dunƙulewa tana cewa har gadon bayanta take jin sa. Muka yi jiƙo, muka ba ta kanwa, shiru. A asibiti likita ya ɗebi jininta, ya ce wata 'yar tsoka ce a bayan tumbi ta kumbura. Ya ce yawancin yara suna warkewa, wasu kuwa ciwon rikice musu yake yi, kuma ido ba ya bambancewa, sai an sake gwada jinin bayan kwana biyu.

Kashegari ta tashi zaune, har ta nemi kunu. Surukata Inna, wadda ta riƙe ta tun yaye, ta ce, "Yarinya ta samu sauƙi. Jinin nawa ne a jikinta da za a yi ta zuƙa? Gida za mu."

Likita ya dube ni ya ce, "Ke ce mahaifiyarta, me kika ce?"

A wajenmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, balle ta nuna damuwa a kanta gaban surukai. Na sunkuyar da kai na ce, "Ai 'yar Inna ce." Wallahi na gane bayanin likitan sarai, ni da nake koyarwa a firamare. Kara ce kawai ta rufe min baki.

Kwananmu uku a gida cikinta ya kumbura, numfashi ya gagara. A hanyar komawa asibiti ta cika. Na san kwana ne ya ƙare, kuma ban riƙe Inna a rai ba, don har ta koma ga Allah tana kukan yarinyar nan. Kaina ne na kasa yafe wa.

Yanzu ina ganin matan zamani suna kiran 'ya'yansu na fari gatsau, suna tsare likita da tambayar sakamakon jini. Da 'yar tawa tana raye, da dariya za ta yi min, don ta sha tsokanata: "Wai ni ba ni da suna ne, sai 'ke yarinya'?"

Kina da shi. Shekara tara ina jin sa a bakin kowa ban da nawa. Bilkisu. Allah ya jiƙanki, Bilkisu.