Mai Sunan Malam

Shekarar da tsutsa ta cinye tumatir, ita ce shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ina da shekara arba'in da shida a lokacin. Fadamata da ke gefen Bebeji ta bushe kamar an bi ta da wuta, na wayi gari ba abin yi wa ban ruwa, ba abin kaiwa kasuwa. Akwai aji a ƙauyenmu, amma ban ga yadda zan zauna ina haɗa baƙi da wasali a gaban surukaina ba. Sai na zaɓi na Kiru, ranar Asabar da safe, inda nake ganin ba wanda ya san ni.

Na manta da Gwaggo. Ƙanwar mahaifina ce, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, kuma a Kiru take zaune tun kafin a haife ni. Asabar ta biyu ina fitowa daga aji na tarar da autarta tsaye a bakin makaranta. Taubashiyata ce, tun muna yara ba ta taɓa raga mini ba.

"Ɗan firamare, an tashi? Inna ta ce ka zo ka ci abinci, kada yunwa ta zubar da ɗan abin da ka koya."

"Wa ya gaya mata ina nan?"

"Mai acaɓan da ya kawo ka, mijin jikar maƙwabciyarta ne. Kai a tunaninka ka ɓuya?"

Daga ranar, kowace Asabar a tabarmar Gwaggo nake cin abincin rana. Wani lokaci ɗanwake, wani lokaci dambu da zogale, mafi yawa tuwon dawa da miyar kuka. Auta ce ke girkawa a gidan mijinta ta kawo, tunda gwiwoyin Gwaggo sun daina kai ta ko ƙofar gida. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, matar da ba ta fita ta fi ni sanin abin da danginmu ke ciki. Ta san wadda ta haihu a Tudun Wada, da wanda ya sayar da bijiminsa a Doguwa ba da sanin 'ya'yansa ba, da wadda ta yi yaji ta koma. Ni in kawo mata na Bebeji, ita ta ba ni sauran. In labarina ya yi ƙaranci sai ta ce, "Yau ka ci tuwon banza."

Sai dai Gwaggo ba ta kiran suna. Mutanen zamaninsu haka suke da alkunya. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, ko na surukinta, ko na ɗanta na fari, kuma duk wanda ya ci ɗaya daga cikin sunayen nan, shi ma sai a kewaye shi. Gwaggo ta ƙara da nata. A bakinta kowa ya zama "ta gidan rimi", ko "mijin mai ƙosai", ko "dogon nan na Falgore". Malaminmu na aji ya ce kowa ya riƙa rubuta wani abu a gida don hannu ya faɗa, sai na fara rubuta danginmu a bayan littafina. Gwaggo ta kwatanta, Auta ta faɗi sunan, ni in yi ta kokawa da fensir har tuwo ya huce.

Akwai tambaya ɗaya da take yi mini kullum, daidai lokacin da nake wanke hannu.

"Kai da kake yawo, ba ka jin labarin mutanen dutse?"

Ni kuwa in ce, "Lafiya lau suke, Gwaggo," kamar yadda ake amsa gaisuwa. Na yi wata huɗu ina ba ta wannan amsa ban san su wa nake cewa suna lafiya ba. Rannan Auta ta rako ni zaure na tambaye ta. Karo na farko da na ga ta yi magana ba da tsokana ba.

Ashe kafin ta auri mahaifin su Auta, Gwaggo ta yi aure a wani ƙauye kusa da Tudun Wada. Ta haifi ɗa namiji, mijin ya rasu yaron yana goye. Da aka yaye shi, dangin uba suka karɓe shi riƙo, daga baya suka tashi gaba ɗaya suka koma Riruwai aikin haƙar kuza. Dutsen ke nan. Tun daga nan ba ta sake ganinsa ba, kuma ba ta taɓa buɗe baki ta ce a kai ta ba, don ɗan fari ne, abin kunya ne a ji tana cigiyarsa. Waɗanda suka san sunansa, mahaifina da sauran manya, duk sun riga mu gidan gaskiya.

"Ke ba ki san sunansa ba?"

"Daga bakin wa zan ji?"

Asabar ta gaba na jira har ta yi tambayarta. Na sunkuyar da kai na ce, "Gwaggo, in mutum ya je dutsen, wa zai ce yana nema?"

Ta juyar da fuska wajen bango. Sannan ta ce, "Mai sunan Malam." Ta ɗauki tsintsiya ta shiga share inda ba datti.

Wannan bai ba ni wahala ba. Kakanmu, mahaifin su Gwaggo, malamin allo ne, duk jikokinsa Malam muke ce masa, kuma a danginmu akwai mutum bakwai da suka ci sunansa. Na rubuta sunan a saman sabon shafi da manyan baƙaƙe. Shi ne suna na farko da na rubuta ban tambayi kowa ba, na yi ta duba shi a kan acaɓa har gida.

Bayan an gama girbi na shirya. Na shiga mota zuwa Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore, muka wuce Doguwa, sannan hanya ta fara hawa. Ban taɓa ganin gari irin Riruwai ba. Tsofaffin ramukan kuza sun cika da ruwa, kuma a kasuwa kana jin harshe uku kafin ka sayi goro. Mai unguwa ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka nemo mini masu sunan. Mutum huɗu aka samu. Na farko bai kai shekara talatin ba. Na biyu Bafulatani ne da ya san kakanninsa har bakwai. Na uku daga ƙasar Zazzau iyayensa suka zo. Na huɗu shekarunsa sun yi daidai, amma da na gama bayani sai ya yi dariya ya nuna cikin gida.

"Malam, ga tsohuwata can tana tankaɗe. In kana da wata uwar da za ka ƙara mini, sai ka fara shawara da ita."

Na koma na gaya wa Gwaggo ban dace ba. Ta ce, "Ai dutse da faɗi. Ci abincinka." Ba ta daina tambayar ba, ni kuma na daina cewa lafiya lau. Sai in ce, "Har yanzu dai shiru."

Haka muka ci damina guda, muka sake shiga rani. Na gama littafi na farko, na iya karanta allon mota da takardar asibiti. Wata Asabar na zo da labari mai daɗi: matar ƙanena ta sauka, namiji, kuma an sa masa sunan kakanmu.

"An ƙara samun mai sunan Malam, Gwaggo."

"Mai sunan Baba dai," in ji ta, tana gyara zaman kwano. "Allah ya raya."

Lomar da ke hannuna ban kai ta baki ba. Na shiga tuno duk Asabar ɗin da muka yi. Ko sau ɗaya ban taɓa jin ta ce wa mahaifinta Malam ba. Baba take cewa. Mu jikoki ne muke ce masa Malam.

"Gwaggo, to shi Malam ɗin da kika ce mini, wane ne?"

"Mahaifin mai gidan farko mana. Da wa ka ɗauka?"

Auta ta dafe kai. "Shekara guda da wani abu kana neman mutum da sunan da ba nasa ba! Wannan boko naka, taubashi, a mayar maka da kuɗin fensir."

Yanzu kunya ta zama biyu: sunan ɗan fari ne, kuma sunan suruki ne. Ko da wuƙa a wuya Gwaggo ba za ta faɗa ba, ni ma ba zan so in sa ta ba. Na yi mako guda ina juya abin. A aji na roƙi malaminmu ya sa kowa ya rubuta sunansa da na mahaifinsa a allo, a matsayin darasin ranar. Mu ashirin da biyu ne. Na kwafe duka, na cire waɗanda suka maimaitu, na tafi da su.

Tuwon dawa ne ranar. Na buɗe littafi a gefen kwano na ce, "Gwaggo, zan yi miki karatu ki ji ko na iya. Sunaye ne kawai. Ba sai kin ce komai ba. In na zo kan wanda kika sani, ki ƙara mini miya."

"Wannan wace irin dabara ce ta 'yan boko?" in ji Gwaggo.

Amma na ga ta jawo kwanon miya kusa da ita, ta gyara ludayi.

Na fara, a hankali, don har lokacin sai na haɗa baƙaƙe kafin suna ya fito. Ina kan na tara ta ɗebo miya ta zuba. Na zabura na ɗauki fensir.

"Zauna," ta ce. "Tuwonka ne ya bushe."

Auta ta yi dariya har da riƙe ciki. Na ci gaba. Na sha biyar, na ashirin. Na fara tsoron ko sunan ba ya cikin littafin. Da na karanta na ashirin da uku, Gwaggo ba ta dube ni ba. Ta ɗebo ludayi ɗaya ta zuba, ta ƙara na biyu, ta ƙara na uku, har miya ta shafe tuwon ta fara zuba a tabarma. Auta ce ta karɓe ludayin daga hannunta.

Ranar Litinin na koma Riruwai. Wannan karon, da na faɗi sunan da asalinsa, mutum na farko da na tambaya ya san shi. Tela ne, an yi shekaru ana kai masa ɗinki a bakin kasuwa. Ya rasu bayan Babbar Salla da kwana kaɗan, wata biyar kafin zuwana. Lokacin zuwana na farko yana nan da ransa, yana taka keken ɗinkinsa.

Babban ɗansa, magidanci mai 'ya'ya uku, shi ya karɓe ni. Ya ce mahaifinsu ya sha faɗa musu cewa tsohuwarsa tana wajen Kiru ko Bebeji in tana da rai, amma an ce ta sake aure, bai san gidan wa zai tambaya ba. Kullum yana cewa sai bayan girbi.

Tare muka zo Kiru ranar Asabar. Na riga na aika wa Auta, ita kuma ta gaya wa Gwaggo rasuwar tun ranar Laraba, don haka mun tarar ta gama kukanta, ko dai ta gama wanda za a gani. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta shafa kansa da fuskarsa, sannan ta yi masa irin wasan kaka da jika.

"Wannan ne mijin nawa? Ka zo hannu rabbana, ko turmin atamfa babu?"

Da aka kawo abinci ta shiga tambayarsa, a kaikaice kamar yadda ta saba. Shi wancan dogo ne? Yana cin yaji? Yana da faɗa? Tabon da ke bayan kunnensa na hagu ya ɓace da ya girma? Jikan ya ce tabon yana nan har ya rasu. Ya ciro waya ya nuna mata hotonsa. Ta kai ta kusa da ido, ta matsar, ta juya wajen haske, sannan ta miƙa masa abarsa. Idon ya riga ya tafi, ba ta ga komai ba sai farar riga.

Ita ta ba ni lissafin da kanta, na rubuta a littafina. Damina hamsin da takwas ba ta gan shi ba. A ciki, wata goma sha huɗu na kuskurena ne, kuma tara daga cikinsu yana da rai. Sunan jikoki shida aka yi ba ta je ba, da aure uku, da jana'iza ɗaya.