Baƙin da Suka Zo Duba Masai

Duk wanda ya yi ƙaramar sakandare a wani ƙauye tsakanin Safana da Babban Duhu cikin shekaru goma sha biyun nan ya san Malama Safiyyatu mai Turanci. 'Yar Wagini ce, ɗiyar malamin Islamiyya, doguwa, mai saurin tafiya da saurin baki. Kullum mai babur ke sauke ta da safe, gyalenta duk ƙura, ta shiga aji tana faɗa tun kafin ta ajiye jaka. Yara na tsoronta, amma littattafansu ba sa kwana a hannunta ba ta duba ba.

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne masai. Guda ɗaya ne a duk makarantar, shi ma ya rufta damina uku da suka wuce. Idan iska ta juyo daga gabas, ajin 'yan shekarar ƙarshe ba ya zaunuwa don ɗoyi da ƙudaje. Maza sukan zaga bayan gonar dawa. 'Yan mata kuwa da rana ta ɗaga sai su sulale gida, ba sa dawowa. Ta fara da 'yan mata talatin a wannan ajin, saura goma sha ɗaya.

Sai ga labari cewa wata ƙungiya za ta zo zagayen makarantu, ta zaɓi waɗanda suka fi shan wuya ta gina musu banɗaki da rijiyar burtsatse. Shugaban tawagar ba ya jin Hausa, da Turanci zai tambayi yara. Malama ta ture manhaja gefe, ta yi mako uku tana koya musu abu ɗaya, wato yadda mutum zai ce abu ya gagare shi da Turanci: kaza yana yi mini wuya, da ƙyar nake iya kaza, ina shan fama kafin in yi kaza. Ta ce Bature yana da hanyoyin faɗin haka kusan biyar, kuma ko a jikinsa.

Turancin bai ba su wahala ba, cikin mako guda suka haddace. Tarbiyyarmu ce matsalar. Mu ne fa za ka sami mutum kwance ko yatsa ba ya iya ɗagawa, ka ce masa ya jiki, ya ce da sauƙi. Don haka ta zaɓi Hassana, 'yar Fulanin ruga da ta fi kowa kai a ajin, ta sa ta maimaita jimla ɗaya har sai da ta daina rufe fuska: yana yi mana wuya mu zauna har a tashi, domin ba mu da banɗaki.

Ana gobe baƙi za su zo, Malama ta iso ta kusa kasa gane makarantar. Hedimasta, Malam Armaya'u, ya aro bencina daga Islamiyyar gari. An kewaye ruftaccen masan da sabon zana, an zuba toka da ƙasa, an jera butoci shida masu sheƙi. Ga durom cike da ruwan da jakuna suka wuni suna ɗaukowa. Takaici ya kusa kashe ta.

"Ranka ya daɗe, mene ne haka?"

"Haba Malama, mutane za su taso tun daga Katsina, mu tare su da ɗoyi? A ce da mu me?"

"Ɗoyin fa suka zo gani!"

Ya yi murmushi ya wuce duba kajin da za a soya. Ta tofar da yawu, ta ce a ranta babu komai, ai tana da Hassana.

Baƙi suka zo, mai unguwa ya zauna a cikin ajin, liman ma ya zauna, aminin mahaifin Malama ne tun suna yara. Shugaban tawagar ya shiga aji da takarda a hannu, ya tambayi wahalar da ɗalibai ke sha. Hassana ta miƙe. Ta dubi baƙon namiji, ta dubi liman da farin gemunsa, sai ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Yaya za ta ambaci bayan gida a gaban waɗannan? Cikin Turanci mai kyau ta ce suna lafiya, sun gode.

Haushi ya turnuƙe Malama. Sai mutumin ya juyo gare ta, ya ce ita fa, tana ganin 'yan matan nan na da wata matsala? Liman ya ɗago kai yana yi mata murmushi irin na uba. Malama Safiyyatu, mai bakin nan da kowa ke tsoro, ta ji bakinta yana cewa Alhamdulillahi, ana dai ƙoƙari.

Mutumin ya rubuta wani abu. Suka leƙa zana daga nesa, suka yaba da butoci, suka ci kaji suka hau mota. Bayan wata biyu sunaye suka fito, babu makarantarsu.

Ranar ce Hassana ta tsaya bayan an tashi, ta durƙusa gefen tebur.

"Malama, ki yafe mini. Na so in faɗa, kunya ce ta hana ni."

Malama ta ci gaba da tattara alli, ta kasa kallonta.

"Na yi ta tsoron kin yi fushi," in ji yarinyar. "Amma da na ji ke ma haka kika ce, sai na san ban yi laifi ba."