Wurin Wasiyyar Kwamfuta

Tsohuwar kwamfutar da ke zaurenmu a Soron Ɗinki ta cika maƙil ina tsakiyar juye kaset-kaset na marigayiya mahaifiyarmu a cikinta. Saura guda ɗaya, wanda take lissafa kakanninta a ciki, ga zarensa ya fara tsinkewa.

Na loda ta a adaidaita sahu zuwa wajen wani mai gyara a Ƙofar Nassarawa. Ya daddanna, ya ce, "Alhaji, akwai fili, amma keɓaɓɓe ne."

"Wa aka keɓe wa?"

"Ita kanta. Ran da ta sume, nan za ta zube duk abin da ke kanta a lokacin, mu duba mu gane abin da ya kayar da ita."

"Wasiyya ke nan. Malam, wanda ya sume ina ya ga bakin wasiyya?"

Ya yi dariya. "Ita tana samu. Ta fi mu shiri."

A Khartum na ga gidajen da ake barin ɗaki fanko saboda baƙon da bai zo ba. A Makka na ga alhazai suna wanke likkafani da zamzam su adana a ƙasan akwati. Waɗannan duk na gane su. Amma na'ura ta tanadi wurin bayanin faɗuwarta, tana kuma ce mini ta cika, wannan ya ƙi zama mini a kai.

Mai gyaran ya ce in ya ba ni filin, duk ran da ta faɗi ba wanda zai san dalili. Na ce kaset ɗin ba zai jira mu ba, a ba muryar tsohuwarmu wurin. Haka aka yi.

Da damina fuskar kwamfutar ta yi shuɗi, ta ɗauke. Na mayar masa da ita, ya bincika, ya girgiza kai. "Ba ta bar komai ba, Alhaji. Kai ka gaje wurin tun tana raye."

Ya zaro faifan ajiyarta ya jona a wata kwamfutar. Sai ga muryar mahaifiyarmu ta cika shagon, tana jero kakanninta har na ƙarshe.

Har yau ba mu san abin da ya kashe kwamfutar ba. Na karɓi faifan, bai wuce tafin hannuna ba, na ce ya nuna mini inda filin yake. Ya nuna tsakiya, ya nuna gefe, sannan ya ce in bar shi kawai.