Kwalayen Bayan Ƙofa

Mijina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa shiga jami'a ba. A sakandare ya tsaya a Kano, kuma direba aka rubuta a iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar nan. Amma duk Juma'a bayan la'asar yana koyar da Turanci a falonmu na unguwar Madain Fahd.

Wata rana wani magidanci, Bahaushen Sudan mai aiki a sito a Madinar Masana'antu, unguwar kamfanonin garin nan, ya zo. Sau biyu yana jera kayan gilashi a kife, kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, ya ce in bai koyi karanta rubutun jikin kaya ba zai sallame shi.

"Ya ustaz, kana da takardar jami'a?" ya tambaya.

"Ba ni da ita, ɗan'uwa," in ji mijina. "Kai ma ba takarda kafilinka yake nema ba. Mako mai zuwa ka zo min da kwalayen da kuka yar."

Da su suka yi karatun. Ina kicin ina jin su, mijina yana faɗin kalma a hankali, mutumin yana maimaitawa, yana kuskure, suna dariya. Na sha yin mita kan kwalayen da suka cika min bayan ƙofa.

Ranar ta'aziyya mutumin ya zo da rigar aiki. Daga bayan labule ya ce, "Hajiya, har yau ina siton nan. Yanzu ni nake nuna wa sababbi."

Kwalayen suna nan inda ya bar su. Ban iya zubar da su ba tukuna.