Layar Tagulla da Yaya Ɗalhatu Ya Ɗinka wa Shanu

Shekara bakwai ke nan da muka ɗauki Yaya Ɗalhatu daga gidanmu na Kwarbai muka kai shi makwancinsa. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan yi masa addu'a, in raba wa maƙwabta waina, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya ƙi zama. 'Yarsa Bilkisu tana neman littattafan da ubanta ya rubuta aikinsa a ciki, kuma su kaɗai ne za su iya mayar da sunansa kan abin da ya ƙirƙira, wanda yau wani ke yawo da shi a matsayin nasa.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a sashen lantarki na wata babbar makaranta a wajen gari. Kullum da safe zai buga babur ɗinsa ya fita ta Ƙofar Kuyambana, ya dawo da la'asar yatsunsa duk tabon dalma. Ba shi da digirin da ake kiran mutum Dakta da shi, saboda haka a idon ofis shi mai miƙo wa manya sukudireba ne. Amma idan na'ura ta ƙi tashi a gaban baƙi, sunansa manyan suke fara kira.

Satar shanu ce ta jefa shi cikin wannan aiki. An kore wa wani amininsa makiyayi garke guda. Bayan wata biyu mutumin ya ga bijiminsa a kara, kasuwar shanu, ya gane shi, bijimin ma ya gane shi, sai dai an buga masa sabuwar lamba da wuta a kan tsohuwar. Aka ce ya kawo shaida. Ya dawo hannu rabbana, ya zauna a zaurenmu yana hawaye kamar mai zaman makoki.

Abin da Yaya ya shiga yi 'yar ƙwaya ce da ba ta kai ƙwayar dawa ba, an naɗa mata siririyar wayar tagulla wadda ita ce eriyarta. Ba ta da batir. Idan aka nuna mata na'urar karantawa, eriyar ta kama ƙarfin da aka aiko ta iska, ƙwayar ta farka ta faɗi lambarta, ta koma barci. Turawa sun riga sun yi irinta, kuma Yaya bai taɓa cewa shi ya fara ba. Sai dai waɗanda aka kawo mana, da zarar sun manne da jikin dabba mai gumi, sai ka kusan ɗora na'urar a kan kunnen dabbar kafin su amsa. To wa zai bar ka ka shiga tsakiyar shanun sata kana shafa musu kunne? Shekara huɗu Yaya yana sauya naɗin wayar, har ya dace da wani mai kusurwa huɗu, gida cikin gida, da 'yar wutsiya a gefe. Ya kuma gano cewa idan aka sa jemammiyar fatar akuya ninki biyu tsakanin wayar da jikin dabbar, daga bakin shinge ma za ta amsa. Ya kai wa wani baduku a unguwarmu ya ɗinke masa, abin ya fito laya sak.

Ni a lokacin ina koyarwa a wata jiha, kuma ina cikin zafin yaƙi da layu da duk wani abin da na ɗauka camfi ne. Na zo hutu na tarar da awakin gidanmu kowacce da laya a wuya.

"Yaya, yanzu har akuya ba ta tsira ba a gidan nan?"

Ya yi dariya har ya tuɓe hula. "Malam Sabo, tagulla ce a ciki, babu aljani ko ɗaya. Zo ka ga yadda take amsa sallama."

Na ce ina sauri kada jam'i ya wuce ni. Ban je na gani ba, ranar ko wata rana.

Duk aikin nan da ajami ya rubuta shi, irin wanda mahaifinmu ya koya mana a zaure. Yana da dalili. Shugaban sashensu, wanda zan kira Farfesa kawai, yana da wata al'ada: duk takardar Turanci da ta kwana a kan teburin ɗakin gwaje-gwaje, za ta wayi gari da sunansa a samanta. Ajami kuwa ko alif bai sani ba. Yaya yakan ce ya sami kwaɗon da Farfesa ba shi da makullinsa.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da zai leƙo yau. Samarin Tudun Jukun suna shiga kanti su taɓa kati a jikin na'ura su fito da kaya, ba su san akwai naɗin waya a cikin katin ba, ba su kuma damu su sani ba. Na san Yaya, da ya sami guda ya tsaga shi da reza don ya ƙirga naɗin, ya ce wanda ya zana shi ya yi ƙoƙari amma ya yi rowar tagulla. Dariyar za ta tsaya ne idan ya isa kara. A can shanu suna yawo da wata alama ta roba da wani kamfani ke sayarwa, kuma a takardar tallar kamfanin an sa hoton Farfesa da babbar riga, an ce shi ya ƙirƙiro eriyar da ba ta jin gumin dabba. Na tuna ranar da Farfesan ya zo mana ta'aziyya. Ya zauna a zaure ya ce Ɗalhatu hannunsa ne na dama, ya share ido da hankici, sannan ya tambaya ko mun ga makullin durowar marigayi ta ofis. Muka nemo muka ba shi, har muna yi masa godiya.

Bilkisu ta karanci lantarki kamar ubanta. Ita ce ta sayo alamar kamfanin ta fasa ta, ta kuma farke layar tsohuwar akuyarmu da mahaifiyarta ta ajiye. Lauyan da ta gani ya ce waya a cikin fata ba ta faɗin ranar da aka naɗa ta. Ya ce sai ta kawo zane da rubutun hannun ubanta, masu kwanan wata. Wata uku da suka wuce ta same ni a zaure, ta shimfiɗa naɗin biyu a kan tabarma. Babu bambanci, har 'yar wutsiyar. Ni kuwa na gane zanen. Na taɓa ganinsa a takarda.

"Baffa, ku ne kuka share soron Baba. Ina littattafansa?"

"Gara ta cinye su, 'yata."

"Duka, Baffa?"

"Duka."

Ta naɗe kayanta, ta durƙusa ta yi mini sallama yadda ubanta ya koya mata, ta tafi.

Ga abin da ya faru. Bayan mahaifiyarta ta fita takaba, ni da ƙanen mahaifinmu, Baba Liman, muka buɗe soron da Yaya yake aiki a ciki. A adaka muka tarar da littattafai goma sha biyu. Kowane shafi ya fara da bisimilla, a ƙarƙashinta gidaje masu kusurwa huɗu wani cikin wani, lambobi a kusurwoyi, ajami ya kewaye su. A gefen adakar ga kwando cike da layu. Baba Liman ya buɗe shafi uku ya rufe, ya dube ni.

"Sabo, wannan ai hatimi ne. Gidan malamai ne nan. Idan abin nan ya fita waje, me kake so a ce da ɗan'uwanka yana kabari?"

Ina karanta ajami kamar yadda nake karanta wannan jaridar. Da na tsaya na bi shafi ɗaya har ƙasa, da na ga faɗin waya da kaurin fata da kwanan wata. Ban karanta ba. Na tuna ya ce mini tagulla ce, amma na gaya wa kaina doguwar jinyar da ya yi kafin rasuwarsa ce ta kai shi hannun 'yan tsibbu. A can cikin zuciyata har wani daɗi na ji, cewa ashe tun ranar awaki ni ke da gaskiya. Wannan jin daɗin shi ne abin da na kasa yafe wa kaina.

Kowa a cikin ganuwar nan ya san yadda ake yi da takarda mai sunan Allah. Ba a zuba ta a bola. Ana ƙona ta, a binne tokar inda ƙafa ba ta takawa. Haka muka yi bayan la'asar, a lungun bayan soro. Layun muka zuba su a ramin tare da tokar. Baba Liman yana addu'a, ni ina juya shafukan da kara don kada wani ya tsira. Muka tashi muna ganin mun rufa wa mamaci asiri. Baba Liman ya rasu bara waccan, saboda haka babu wanda zan raba nauyin nan da shi.

Me ya rage na Yaya? Naɗinsa yana wuyan shanu da kunnuwansu, kuma na ji an ce akwai makiyayan da suka karɓo dabbobinsu saboda shi. Zai ji daɗin wannan, don abin da ya tashi yi ke nan tun farko, kuma ina fata ladan yana isa gare shi. Amma ba zan fake da shi ba. Ƙwayar layar tsohuwar akuyar nan har yau tana amsawa idan Bilkisu ta nuna mata na'ura, sai dai lamba kawai take faɗa, ba ta san sunan wanda ya naɗa mata eriya ba. Yaya ya ɓoye rubutunsa daga mutumin da bai iya ajami ba, ya yi nasara. Wanda ya iya ne ya gama da shi. Zan je gaban duk wanda lauya ya ce in je, in rantse na ga zanen da idona, ko da yake na san tambayar farko da za a yi mini ita ce me aka rubuta a gefensa.

Bilkisu takan karanta wannan shafin duk mako. Sau biyu ina zuwa ƙofar gidanta in juyo, saboda haka bari in faɗa a nan, a gaban jama'a. Babu gara a soron nan, 'yata, ubanki yana sa mata magani duk damina. Ni na ƙyasta ashanar, kuma da alwala na yi.